Hannun Suarez: jan kati da fenareti sun biya Ghana haƙƙinta kuwa?

Baban Sadik ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'a. Wata tambaya ɗana ya yi mini jiya da dare, na kasa ba shi amsar da ta gamsar da ni kaina, shi ya sa na kawo ta nan ko akwai wanda ya fi ni sanin dokar wasa.

Yaron ba a ma haife shi ba lokacin da aka buga gasar cin kofin duniya ta 2010. Ya ci karo da bidiyon wasan Ghana da Yurugwai a waya, ya zo yana tambayata wai me ya sa ba a ba Ghana ƙwallon nan ba. Na zauna muka sake kallo tare, kuma wallahi abin da na ji a ƙirjina ranar 2 ga Yulin 2010 shi na sake ji jiya. Ana 1-1, Muntari ya ci wa Ghana, Forlan ya farke wa Yurugwai da bugun tazara. A mintin ƙarshe na ƙarin lokaci aka ɗago ƙwallo cikin yadi na 18, Appiah na Ghana ya buga, Suarez na Yurugwai ya tare da ƙafa a kan layi, ta dawo, Adiyiah ya sa mata kai. Gola ya riga ya fita daga lissafi. Ƙwallo ta kama hanyar raga, sai Suarez ya ɗaga hannu ya kaɗe ta kamar shi ne mai tsaron gida.

Alƙalin wasa bai yi kuskure ba, wannan na yarda. Jan kati da fenareti, abin da doka ta tanada ke nan. Gyan na Ghana ya buga ta daki ƙarfen sama, Suarez da ke kan hanyar fita ya hau tsalle yana murna. Aka tafi bugun daga kai sai mai tsaron gida, Yurugwai ta ci 4-2. Ghana da za ta zama ƙasar Afirka ta farko da ta kai wasan kusa da na ƙarshe ta tattara kayanta, sai a 2022 Maroko ta kai wannan matsayin.

Na ce wa yaron ai an hukunta shi, an kore shi daga fili, an kuma dakatar da shi wasa ɗaya. Sai ya ce, "To Baba, korar da aka yi masa bayan lokaci ya ƙare ta rage wa Yurugwai me? Kuma dakatarwar wa ta amfana?" Na yi shiru. Holan ce ta amfana, ita ta buga da Yurugwai babu Suarez ta ci su 3-2. Wadda aka zalunta tana gida. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Abin da ke cin raina shi ne cinikin da doka ta bari a buɗe. Ƙwallon da babu makawa za ta shiga, ka tare ta da hannu, a musanya maka ita da bugun da ake ci kusan sau uku cikin huɗu. Duk ɗan wasa mai lissafi zai karɓi wannan cinikin. Haka Valverde na Real Madrid ya yi a Jidda a watan Janairun 2020, a wasan ƙarshe na Super Cup ɗin Sifaniya. Morata na Atletico Madrid ya zare shi kaɗai zai tunkari gola a minti na 115, ya bi shi ta baya ya kwashe masa ƙafa kafin ya shiga yadi na 18. Jan kati, amma ko fenareti babu. Madrid ta ɗauki kofin a bugun fenareti, kuma Valverde aka ba kyautar gwarzon wasa.

A ƙwallon zari-ruga, idan ka hana cin da ya tabbata ta hanyar keta, alƙali yana bayar da makin kai tsaye. A ƙwallon kwando ma akwai irin haka idan an taɓa ƙwallon tana gangarowa zuwa kwando. Me ya hana tamaula yin haka? Hukuncin da mai laifi yake fita da riba a cikinsa, za a kira shi adalci?

Tsohon Rafali ya rubuta:

Wa alaikumus salam, Baban Sadik. Allah ya raya mana Sadik, tambayarsa ta manya ce. Na riƙe usur shekara 14 a ƙananan gasanni kafin gwiwa ta zaunar da ni, don haka bari in faɗi yadda abin yake daga tsakiyar fili.

Abu na farko da ake cusa wa mai koyon alƙalanci shi ne, kana hukunta abin da ɗan wasa ya aikata ne, ba abin da ya biyo baya ba. Doka ta 12 ta raba keta gida uku. Wanda ya shiga da sakaci, bugu kawai ake bayarwa babu kati. Wanda ya shiga da ganganci, bai damu da abin da zai sami abokin karawarsa ba, katin gargaɗi. Wanda ya yi amfani da ƙarfin da ya wuce kima har ya jefa lafiyar wani cikin haɗari, jan kati. Babu inda aka ce ka duba minti nawa ya rage, ko wane kofi ake nema, ko nahiya guda ce take kallo da addu'a a baki. Da zarar an ce in auna asarar da aka yi sannan in yanke hukunci, to an ba ni ikon da bai kamata mutum ɗaya ya riƙe ba.

Ga dalilin da ya sa nake tsoron a ba alƙali damar rubuta ƙwallon da ba ta shiga raga ba. Akwai wani wasan ƙarshe da na busa, saura kamar minti huɗu, ana kunnen doki. Aka bugo kwana, wani ya sa kai, ɗan baya ya kai hannu kusa da turke. Daga inda nake tsaye, da an ce in rantse ƙwallon nan ciki za ta, zan rantse. Na ba da jan kati da fenareti. Bayan an tashi, mataimakina da ke kan layi ya ja ni gefe ya ce mini a hankali, "Malam, ƙwallon nan fa waje ta nufa, da ya bar ta da ta wuce turke da kamu guda." Shi ya fi ni kyakkyawan wurin tsayawa. Yaron da na kora bai cancanci jan kati ba tunda ba cin da ya hana, kuma har yau abin yana damuna. To ina ga a ce doka ta ba ni damar nuna tsakiyar fili in ce an ci? Da na ba wata ƙungiya kofi da ƙwallon da ba ta taɓa wanzuwa ba.

Ta Suarez a bayyane take, ban musa ba. Amma ba a rubuta doka don lamari guda. Gobe ƙwallon tana tazarar taku biyu daga layi, jibi taku biyar, gata kuma akwai wani ɗan baya a gefe da wataƙila zai iya cim mata. A ina za a ja layi? Valverde da ka kawo ma ya fi wuya, domin Morata yana da gola a gabansa, kuma golan nan Courtois ne.

Ba wai dokar ba ta motsi ba. Katin ma kansa sai a gasar 1970 a Meziko aka fara ɗaga shi, bayan rikicin korar Rattin na Ajantina a wasansu da Ingila a 1966, inda alƙali Bajamushe da ɗan wasa ba sa jin yaren juna. Ken Aston ne ya ɗauko dabarar daga fitilar ba da hannu ta kan titi. A 2016 kuma an sassauta wa wanda ya kai wa ƙwallo hari da gaske a cikin yadi na 18 ya kuskure ya kayar da mutum: fenareti da katin gargaɗi, maimakon a haɗa masa fenareti da kora da dakatarwa. Amma wanda ya ja riga, ko ya tura, ko ya sa hannu da gangan, jan katinsa yana nan. Sai dai sauyi yana da nauyi, domin hukumar IFAB mai tsara dokokin tana da ƙuri'a 8, huɗu na FIFA, huɗu na Ingila da Sikotilan da Wales da Ireland ta Arewa, kuma sai an sami 6 kafin a taɓa ko harafi ɗaya.

Lamba Biyar ya rubuta:

Baba Rafali, ina girmama ka, amma maganar nan ta "aiki ake hukuntawa ba sakamako ba" ita ce ta kwantar da ni wata bakwai.

Ni ɗan baya ne, na san shiga mai tsafta, na kuma san wadda aka yi da mugunta, domin duk wanda ya buga baya ya san bambancinsu tun kafin ƙafa ta bar ƙasa. Ina da shekara 21 aka karya mini ƙashin ƙwauri gida biyu. Ƙwallon ta riga ta bar ƙafata, mutumin ya taho da ƙafa a miƙe, ƙusoshin takalmi a sama. Na ji ƙarar kafin in ji zafin. An ba shi jan kati, an dakatar da shi wasa biyu. Ranar da ya dawo fili ni ko zama ban iya yi ba sai an tallafe ni. Da na warke, saurin nan bai dawo ba, kuma tsoro ya shiga ƙafar. Nan wasana ya tsaya. Shi kuwa ya ci gaba da bugawa shekaru.

Kada a ce don ƙaramar gasa ce. A Firimiyar Ingila, watan Fabrairun 2008, Martin Taylor na Birmingham ya karya Eduardo na Arsenal tun a mintunan farko. Wasa uku aka dakatar da Taylor. Eduardo sai da ya yi kusan shekara guda bai taka leda ba, ya rasa gasar Turai ta 2008 da ƙasarsa Kuroshiya. Shekara biyu bayan nan Shawcross ya karya Ramsey, shi ma wasa uku. A watan Oktoban 2020 Pickford golan Everton ya afka wa gwiwar Van Dijk na Liverpool, ko kati ba a ɗaga masa ba saboda hankalin alƙalai ya tafi kan satar gida. Van Dijk bai ƙara bugawa ba har kakar ta ƙare.

Wanda ya fi ba ni takaici shi ne wasan Birazil da Kolombiya a 2014. Zuniga ya daka tsalle ya kafa wa Neymar gwiwa a gadon baya, ƙashin bayansa ya tsage, aka fitar da shi a kan gadon ɗaukar marasa lafiya yana kuka. Babu kati, kuma FIFA ba ta waiwayi maganar da wani hukunci ba. A cikin wannan wasan dai, kyaftin ɗin Birazil Thiago Silva ya sha gaban gola Ospina yana shirin buga ƙwallo, aka ba shi katin gargaɗi, na biyu a gasar, ya rasa wasan kusa da na ƙarshe. Wanda ya tsare wa gola hanya an dakatar da shi, wanda ya kusa nakasa mutum ya tafi salin alin. Birazil ta shiga wasan Jamus babu kyaftin, babu Neymar, aka zuba mata 7-1.

Ni ra'ayina, idan an tabbatar keta ce ta jan kati kuma ta jawo jinya, mai laifin ya zauna har wanda ya raunata ya dawo. Ko a sa iyaka, a ce wata shida. Amma wasa uku a kan ƙafar mutum raini ne.

Maman Khalil ta rubuta:

Sannu Lamba Biyar, Allah ya sa kaffara ne. Na karanta naka sai da jikina ya yi sanyi.

Ni abin da ban taɓa ganewa ba shi ne yadda kati ɗaya yake ɗaukar laifuka masu nisa da juna haka. Ku tuna wasan ƙarshe na 2010. De Jong na Holan ya ɗaga ƙafa ya dasa wa Xabi Alonso na Sifaniya takalmi a ƙirji, alƙali Howard Webb ya ba shi katin gargaɗi, daga baya shi da kansa ya amsa cewa ja ya kamata ya ɗaga. A wannan daren kuma Iniesta ya ci ƙwallon da ta ba Sifaniya kofi, ya cire riga don ya nuna sunan abokinsa Dani Jarque da ya rasu, aka ba shi kati iri ɗaya da na De Jong. A takardar alƙali laifinsu nauyinsa ɗaya. Aboubakar na Kamaru ya ci Birazil a 2022, murna ta sa ya cire riga, kati na biyu, waje. Alƙalin ma sai da ya miƙa masa hannu suka gaisa kafin ya kore shi.

Sannan Sani Kaita na Najeriya a gasar 2010. Muna gaban Girka 1-0 da ƙwallon Kalu Uche, a minti na 33 ya ɗaga wa Torosidis ƙafa a bakin layi. Ban ce bai yi laifi ba, tsalle ɗaya ke jefa mutum rijiya, kuma doka ta ce ko yunƙurin harbin mutum ka yi jan kati ne. Amma da ƙyar takalmin ya goge shi, mutumin ya zube yana birgima, kuma shi ne ya zo ya ci mu ta biyu aka tashi 2-1. Kaita ya fita da riga a kan fuska, bayan nan har barazanar kisa aka riƙa aika masa. Ku ɗora wannan a kan sikeli ɗaya da na De Jong, a gasa ɗaya, wata ɗaya bai cika tsakaninsu ba. Ɗaya ya ci gaba da buga wasan ƙarshe, ɗaya har yau da wannan mintin ake tuna shi. Yaya zan bayyana wa 'ya'yana wannan?

Tsohon Rafali ya rubuta:

Lamba Biyar, ɗana, ban da abin da zan faɗa da zai dawo maka da ƙafarka, kuma na yarda wasa biyu ko uku ya yi kaɗan ga wanda ya shiga da niyyar cutarwa. A nan muna tare. Inda muka rabu shi ne ɗaura hukunci a kan tsawon jinya. Ka tuna Son na Tottenham da Andre Gomes na Everton a watan Nuwamban 2019. Son ya taɗe shi ta baya, irin ketar da ake ba katin gargaɗi kullum. Gomes ya tafi zai faɗi, ya yi karo da Aurier, idon sawunsa ya karye. Alƙali ya riga ya zaro katin gargaɗi, da aka ga munin raunin sai ya koma ja. Son ya riƙe kai yana kuka. Da aka ɗaukaka ƙara an soke jan katin. A tsarinka da wata nawa zai zauna? Ga kuma wanda zai shiga da ƙafa biyu da nufin karya mutum, Allah ya sa wancan ya yi tsalle ya tsira. Shi ya fi Son laifi nesa ba kusa ba, amma babu jinya. Gyaran da nake so shi ne a buɗe wa kwamitin ladabtarwa hannu ya duba bidiyo bayan wasa ya ƙara hukunci gwargwadon mugunta. An taɓa yi: a 2006 Ben Thatcher ya sa wa Pedro Mendes gwiwar hannu har ya suma, alƙali ya ba da katin gargaɗi kawai, hukumar ƙwallon Ingila ta bi shi da dakatarwar wasa 8. Suarez ɗin nan ma da ya ciji Chiellini a 2014 alƙali bai gani ba, bidiyo ne ya jawo masa wasa 9 na ƙasa da wata huɗu ba ya shiga harkar ƙwallo.

Hajiya Maman Khalil, maganarki ta kati ɗaya gaskiya ce, tazarar da ke tsakanin gargaɗi da kora ta yi faɗi. A ƙananan gasannin Ingila tun 2019 suna fitar da mai yi wa alƙali rashin kunya na minti 10 ya dawo. Da za a ba da irin wannan ga mai jan riga don ya kashe hari, da ƙungiyar da aka cuta ce za ta ci moriyar hukuncin nan take, ba wadda za a haɗu da ita mako mai zuwa ba.

Game da De Jong kuwa, kuskuren alƙali ne, ba na doka ba, kuma mu ma ya kamata a riƙa tuhumarmu. Sai dai a bambanta kuskure da cin amana. Joseph Lamptey na Ghana ya ba Afirka ta Kudu fenareti a kan Senegal a 2016 alhali ƙwallon a gwiwar Koulibaly ta buga. FIFA ta bincika ta gano an murɗe wasan ne, ta haramta masa alƙalanci har abada, aka sake wasan a 2017, Senegal ta ci 2-0. Wannan daidai ne. Amma ƙwallon Luis Diaz ta Liverpool da aka soke a gidan Tottenham a 2023, masu VAR, wato alƙalan da ke duba bidiyo, sun ga halastacciya ce, rashin fahimtar juna ya sa aka ci gaba da wasa. An ba da haƙuri, maki bai dawo ba. Idan aka ce a riƙa sake wasa a kan irin wannan, babu kakar da za ta ƙare.

Baban Sadik ya rubuta:

Na gode ƙwarai, Malam Rafali, labarin ƙwallon da ta nufi waje ya sa na sassauta. Na janye maganar Valverde, tunda akwai gola a gaba babu wanda zai rantse za a ci. Lamba Biyar, Allah ya musanya maka da mafi alheri. Ban taɓa kallon lamarin ta ɓangaren wanda ke kwance ba sai yau.

Amma a kan hannun Suarez ban gamsu ba. Uzurinka na cewa ido yana yaudara ya yi ƙarfi a lokacin da kake busa wasa kai da mataimaka biyu. Yanzu a manyan gasanni akwai na'urar da ke nuna ko ƙwallo ta haye layi tun gasar 2014, akwai VAR tun 2018, ana soke ci saboda kafaɗar mutum ta leƙa da ɗan yatsa. Na'urar da za ta iya ƙwace ƙwallo a kan wannan, ta kasa tabbatar da cewa ƙwallon da ta wuce gola, tana tsakanin turaku biyu, mai tare ta yana tsaye a kan layi, ciki za ta? Ba na neman a faɗaɗa. Wannan yanayin kaɗai: hannu da gangan, a kan layi, babu kowa a bayansa, kuma bidiyo ya tabbatar. Sau nawa ma yake faruwa a shekara?

Kafin su sake haɗuwa da Ghana a 2022 an tambayi Suarez ko zai nemi afuwa, ya ce ba zai nema ba, domin shi an ba shi jan katinsa, kuma ba shi ya zubar da fenaretin ba. A ƙarƙashin dokar da ake da ita, ba ƙarya ya yi ba. Nauyin ya sauka daga kan wanda ya sa hannu ya koma kan Gyan, shi yake ɗauke da shi har yau.

Malam, in tambaye ka kai tsaye, don da daren nan zan karanta wa Sadik amsarka. A ce kai ne riƙe da usur a Johannesburg a daren nan, an nuna maka bidiyon ta kowace kusurwa, kuma doka ta ba ka zaɓi tsakanin fenareti da nuna tsakiyar fili. Wanne za ka nuna?